Tambaya Mabuɗin Ilimi: Kujerar Gye Nyame da Itacen Tsakar Gida

Assalamu alaikum jama'ar Zango. Wannan watan saƙonni sun taru, kuma abin mamaki kusan rabinsu magana ɗaya suke yi, wato alamomi da zane-zanen Tonawa (mutanen Asante) da muke gani kullum a Kumasi, wanne ne tsafi wanne ne ba tsafi ba. Inaga wani wa'azi kan waɗannan alamomi da ke yawo a WhatsApp ne ya tada ƙurar, ni ma an turo min shi har sau uku. Na zaɓi shida, na rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kaman yadda muka saba.

Tambaya daga wata uwa a Aboabo:

Malam barka da aiki. Dan Allah na sayi kujerun roba guda ashirin a Kejetia saboda ina bada haya in ana suna ko aure, toh a bayan kowace kujera akwai zanen nan na Tonawa da suke ce ma Gye Nyame, ni wallahi ban ma taɓa kula ba sai da ɗana ya dawo daga karatu yace wai gunki ne, wai duk wanda ya zauna akai yayi shirka kuma mala'iku basa shiga gidan, har ya ɗauki wuƙa ya kankare guda uku ya ɓata min su. Yanzu in zubar ne ko yaya, kuɗin adashi na ne na zuba a ciki.

Amsa:

Hajiya kar ki zubar da ko ɗaya, abin da za ki fara yi shi ne ki karɓe wuƙar nan daga hannun yaron kafin ya gama da sauran sha bakwai ɗin.

Gye Nyame ba gunki ba ne, magana ce. Da yaren Twi ma'anarta "sai Allah", wato babu mai iko sai Shi, ba na tsoron kowa sai Shi. Nyame ko Onyankopon shi ne sunan da suke kiran Mahalicci da shi tun kafin Bature ya zo da coci, kuma har yau in malaminmu ya zauna wa'azi da Twi a rediyo wannan kalmar yake faɗi, ba shi da wata. Mu ma ai haka ne, kalmar Ubangiji ba Larabci ba ce, Hausa ce zalla, kuma ba wanda ya taɓa ce mana mun kafirta don mun faɗe ta. Kin ga direban da ya rubuta "Sai Allah" a bayan tirela ko a goshin motar haya ta trotro? To abu ɗaya suka faɗa da mai kujerar, shi da baƙaƙe, su da zane.

Irin waɗannan zane sunansu adinkra, suna da yawa kuma kowanne da karin maganar da ke bayansa. Akwai ƙahon rago, Dwennimmen, wai rago duk ƙarfinsa yana da tawali'u. Akwai kada biyu masu ciki ɗaya amma suna faɗa kan abinci (wannan kam sai ka ce da kwamitin masallacinmu aka zana shi, Allah Ya shirye mu). Akwai ma wanda ya shafe mu kai tsaye, Kramo bone amma yeanhu kramo pa. Kramo dai mu ne Musulmi a bakinsu, ma'anar ita ce mugun malami ya sa ba a gane na kirki. Ki duba fa, mutane ne da suka zauna da mu har suka gane a cikinmu akwai na Allah akwai 'yan damfara, suka sa abin a zane.

Shekarun baya na raka wani baƙona Bakano zuwa Ntonso, garin nan da ke kan hanyar Mampong inda ake buga wannan yadin, shi ma da irin tunanin ɗanki ya tafi yana ta Ayatul Kursiyyu a mota. Me muka tarar? Wata tsohuwa tana daka ɓawon itace a turmi, badie suke ce masa, daga arewa ake kawo shi, a jiƙa a daka a tafasa a manyan tukwane har ruwan ya yi baƙi ƙirin ya yi kauri kaman kwalta. Gefe kuma wani dattijo ya shimfiɗa yadi, ya ɗauki guntun ƙwarya da aka sassaƙa zanen a jikinsa aka kafa masa tsinkaye a matsayin mariƙi, ya tsoma ya yarfe ya danna, ya tsoma ya yarfe ya danna, rediyonsa na kusa yana sauraron ƙwallo. Babu yanka, babu surkulle, ba wanda ya ce mu cire takalmi. Baƙon nawa ya yi shiru, can sai ya ce ai wannan marina ce kaman ta Ƙofar Mata. Da yadi biyu ya koma Kano.

Kuma abin ba na jiya ba ne. Wani Bature mai suna Bowdich da ya zo Kumasi a 1817 ya tafi da yadin adinkra, yana nan a gidan tarihi na Landan har yau, kuma shi ɗin ya rubuta cewa ya tarar da malamai Musulmi zaune a garin suna shiga fada suna fita. Wasu masu bincike ma na ganin wasu daga cikin zanen, masu gida-gida ɗin nan, daga hatimin malamanmu aka kwaikwayo su.

Da ɗanki cewa ya yi "Inna ba na jin daɗin a zauna kan abin da ke nufin sunan Allah", da na ce yaron nan yana da ladabi, mu zauna mu duba, duk da ba baƙaƙe aka rubuta ba. Amma gunki? Gunki abin da ake bauta wa ne, ki tambaye shi wa ya taɓa gani ya durƙusa gaban kujerar roba. In ma akwai wanda za a yi magana a kansa to tsuntsun Sankofa ne mai waiwaye, shi ma maganar hoton abu mai rai ce da malamai suka daɗe suna saɓani a kanta, ba maganar tsafi ba. Ki ci gaba da hayarki. Kuɗin ukun da ya kankare kuma a cire a kuɗin katin wayarsa.

Tambaya daga wani saurayi a Bantama:

Malam ni ɗan Bawku ne ina koyon kanikanci a Magazine, unguwar kanikawa ta Kumasi, muna haya mu uku a ɗaki ɗaya a gidan wani tsoho Batone. A tsakar gidan akwai wani itace da aka kafa mai reshe uku a sama an ɗora tukunya akai, wani lokaci da sassafe zakaga tsohon ya fito da farin zane ya tsaya a wajen yana magana shi kaɗai yana zuba giya a ƙasa wani lokaci har da ƙwai, kuma kusa da wajen muke alwala. Abokaina sunce mu bari dare yayi mu ture shi mu fasa tukunyar tunda Annabi Ibrahim ma ya fasa gumaka, ni kuma zuciyata bata kwanta ba saboda tsohon baya damun mu ko munyi lattin kuɗin haya. Menene abin nan kuma me ya kamata muyi?

Amsa:

Ɗana, zuciyarka ta fi abokanka karatu.

Ba zan ruɗe ka ba, wannan ba irin kujerar Hajiya ba ce, wannan wurin ibada ne. Sunansa Nyame Dua, itacen Allah kenan. A da gidajen Tonawa da yawa akwai shi a tsakar gida, yanzu ya yi ƙaranci tunda coci ta shiga ko'ina. Tukunyar nan ruwan sama take tarawa, da shi suke yayyafa wa mutanen gida in ana neman tsari ko tsarki. Abin da mu 'yan Zango da yawa ba mu sani ba, a wurinsu itacen nan ba na wani aljani ko dodo ba ne, na Mahalicci ne kai tsaye, Shi da ba sa yi masa mutum-mutumi. Abosom, wato ƙananan abin bautarsu na kogi da dutse irin su Tano da Antoa, waɗannan daban ne, suna da matsafansu da masu kula da su. In ka kasa kunne lokacin da tsohon ke zuba giya, yawanci da sunan Onyankopon zai fara, sai Asase Yaa wato ƙasa, sai kakanninsa da suka rasu, yana roƙa wa mutanen gida lafiya da tsawon rai da haihuwa, kuma kar ka yi mamaki in ku 'yan haya kuna cikin lissafin.

A aƙidarmu wannan hanya ba daidai ba ce, ba a roƙon matattu, giya kuma haramun ce. Wannan babu ja. Ba za ka tsaya tare da shi ba, ba za ka riƙe masa kwalba ba, in an yanka wani abu a wurin ba za ka ci ba.

Amma turewa? Da farko dai gidansa ne, ku kuka zo kuka same shi. Sannan ka buɗe Suratul An'am aya ta 108, Allah Ya hana mu zagin abin da suke kira baicin Shi don kada su ma su zagi Allah bisa ƙiyayya da rashin sani. Zagi ma kenan da fatar baki, ina ga fasa tukunya da tsakar dare. Abokanka sun tuna Annabi Ibrahim sun manta namu Annabin (SAW), wanda ya yi shekara 13 a Makka yana kira gumaka na kewaye da Ka'aba, bai taɓa tara sahabbai su bi gidajen mutane suna fasa musu kaya ba. Gumaka 360 ɗin nan sai ranar buɗe Makka aka kawar da su, shekara ta 8 bayan hijira, lokacin gari ya dawo hannunsa mutanen gari sun miƙa wuya. Ku uku a ɗakin haya da bashin wata biyu a kanku ba ku buɗe Bantama ba.

Sai abin da ba su lissafa ba kwata-kwata. In kuka fasa, gobe ba za a ce yara uku 'yan Magazine ba, cewa za a yi 'yan Zango sun fasa, kuma mai waakye ta bakin titi da mai koko da mahaucin da bai san hawa ba bai san sauka ba su za su biya. Ka tambayi mutanen Tafo, nan Kumasi, abin da ya faru a 2016, rigima kan katangar maƙabarta ce fa kawai tsakanin matasanmu da masu gari, aka rasa rai, aka ɓarnata dukiya, aka sa dokar hana fita, sai da Babban Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu da kansa ya taso daga Ankara (Accra, babban birnin Ghana) ya zo sasanci. Ƙidayar 2021 ta ce Kirista kashi 71.3 ne a Ghana, mu Musulmi 19.9, masu addinin gargajiya 3.2. Mun fi su yawa, amma mu ma akwai waɗanda suka fi mu nesa ba kusa ba, kuma sashe na 21 na kundin tsarin mulkin 1992 da ya ba ka damar shimfiɗa darduma a tsakar gidan Batone shi ne dai ya ba shi damar tsayawa gaban itacensa.

Ni a irin gidan nan na tashi a Asawase. Mai gidan wata tsohuwa ce mai sayar da doya, tana da nata abubuwan a ƙuryar ɗaki ba ta taɓa kiranmu ba mu ma ba mu taɓa leƙawa ba. Da azumi, saboda ita ƙarfe uku take tashi shirin kasuwa, ita ke buga mana ƙofa tana cewa Kramo ku tashi ku ci abinci kar ku makara. Da babbar Sallah kuma cinya guda babana ke aika mata. Ranar da ta mutu ya sa babbar riga ya je ya zauna ya yi gaisuwa, da aka fara zuba giya ya miƙe ya dawo gida, ba wanda ya ji haushi.

Ku matsar da butocinku wani lungun in wurin yana damunku, ku riƙa gaishe shi da Nana, kalmar girmamawa a bakinsu, ku biya shi kuɗinsa. In zaman ya gagara ɗaki bai ƙare a Kumasi ba.

Tambaya daga wata matar aure a Sabon Zango:

Malam ni 'yar Zango ce mijina Batone ne ya musulunta kafin aurenmu, shekara huɗu kenan Allah bai bamu haihuwa ba. Satin da ya wuce surukata tazo daga ƙauye ta kawo min wata 'yar tsana ta katako baƙa mai faffaɗan kai kaman faifai tace in riƙa goya ta a baya. Na karɓa saboda kunya amma tun ranar bana barci, yayata tace asiri ne akayi don a raba ni da mijina ko a juya min mahaifa. Na sa ta a leda na ɓoye a bayan ɗaki, Malam ina cikin damuwa sosai.

Amsa:

'Yata Allah Ya ba ki zuri'a ɗayyiba. Ki kwanta ki yi barcinki, ba a yi miki asirin raba aure ba. Surukar da ta gaji da ke ba 'yar tsana take kawowa ba, kishiya take kawowa.

Sunan abin akuaba. Labarin da suke bayarwa shi ne wata mata ce mai suna Akua ta daɗe ba haihuwa, aka ce ta sa a sassaƙa mata ɗan katako ta riƙa goyo tana yi masa wanka da ado kaman jariri, mutanen gari suna mata dariya suna cewa Akua ba, wato ga ɗan Akua, daga baya ta haifi 'ya mace kyakkyawa sai masu dariyar suka fara sassaƙa nasu. Faffaɗan goshin nan da wuya mai layi-layi, su a wurinsu kyau kenan. Abin da tsohuwar nan ta faɗa miki da katako shi ne ina son jika kuma daga gare ki nake so.

Goyon dai ba za ki yi ba. A al'adar, ana kai ta wajen matsafi ya yi mata abin da zai yi kafin a ba mace, ana kuma sa rai a kanta, mu kuwa Suratush Shura aya ta 49 da 50 ta gama mana magana, Shi ke ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya bar wanda Ya so ba haihuwa. Waɗanda ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido a Cultural Centre katako ne kawai na ado, amma wadda aka kawo miki da niyya aka kawo ta.

Kar ki ƙona, kar ki jefa a kwata inda za a tsinta a kai mata labari. Mijinki ya san bakin uwarsa, shi zai mayar, ki haɗa da turmin atamfa da sabulu ki ce a ce wa Maame kin gode, addininki ne bai yarda ba amma kin ga ƙauna. Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da uwarta da ta zo mata tana mushirika, ya ce ta sada zumunci da ita. Kuma kafin yayarki ta ƙara cewa asiri ta duba ƙugun jaririnta, su ma Tonawa in sun ga laya da guru da muke ɗaura wa yara suman suke ce musu, sunan da suke kiran nasu kayan tsarin kenan.

Sannan ku je asibiti, ku biyun fa, shi ma a gwada shi. Maza sun cika zillewa a nan.

Tambaya daga wani ɗalibin sakandare a Alabar:

Malam tambaya uku gareni. Kakata tana da tsohon kwabo mai huji akwai tauraro mai tsini shida akai, ance alamar Yahudawa ce da 'yan ƙungiyar asiri. Sannan naga hoton ma'aunin zinari na Tonawa na da akwai alamar Hitila akai. Na uku wani ɗan ajinmu Kirista yace mu wata muke bauta ma shiyasa muke sa wata da tauraro a saman masallaci, abin ya ɓata min rai har mun kusa dambe.

Amsa:

Madalla da ɗalibi mai ido. Kwabon kakarka kuɗin Turawan Ingila ne da aka kashe a Najeriya da nan da Saliyo da Gambiya kafin Ghana ta buga nata a 1958, ka duba da kyau za ka ga har rubutun Larabci a jiki. Tauraron kuma malamanmu hatimin Annabi Sulaiman suke ce masa, yana cikin tsofaffin kundaye, yana kan tsofaffin kuɗin Maroko, yana kan tutar Najeriya ta zamanin mulkin mallaka daga 1914 zuwa 1960. Yahudawa ma suna amfani da shi, Isra'ila ta sa shi a tutarta a 1948, amma ba su kaɗai ke da shi ba.

Alamar da ka ce ta Hitila ta girme shi da dubban shekaru. 'Yan Hindu a Indiya alamar sa'a ce a wurinsu har gobe, jam'iyyar Hitila a 1920 ta ɗauka ta ɓata mata suna da jinin miliyoyin mutane. Maƙeran Tonawa da suka zuba ta a tagulla suna auna garin zinari ba su san za a yi wani Hitila ba.

Na ukun shi na fi so. Wata da tauraro ba daga zamanin Annabi (SAW) suka zo ba, masallacinsa ba shi da su, Turkawan daular Usmaniyya ne suka yaɗa su har aka saba. Ka karanta wa abokinka Suratu Fussilat aya ta 37, kada ku yi sujada ga rana ko ga wata, a daina maganar dambe. Su ma Tonawa suna da wata da tauraro a adinkra, Osram ne Nsoromma, kuma a wurinsu maganar amana ce tsakanin miji da mata. Amma ka riƙe zafin nan da ka ji da aka fassara maka alamarka ba a tambaye ka ba, ka je Aboabo ka ba ɗan Hajiya mai kujeru labari.

Tambaya daga wani bawan Allah, bai faɗi unguwa ba:

Malam kaji tsoron Allah. Watan jiya kace aje gaisuwar mutuwar arna, yanzu nasan zaka halatta mana tsafinsu. Irin ku ne kuke narkar da addini don a ce kun waye. Gaskiya ɗaya ce, ba a haɗa ta da ƙarya.

Amsa:

Amin, Allah Ya ƙara mana tsoronSa ni da kai ɗan'uwa. Gaskiya ɗaya ce, na yarda, shi ya sa na ce wa mai akuaba kar ta goya, na ce wa ɗan Bantama kar ya riƙe kwalba. Amma cewa kujerar roba gunki ce ita ma ƙarya ce, kuma ƙarya ba ta zama halal don a kan wanda ba Musulmi ba aka yi ta.

Maganar gaisuwa kuma ba ni na ƙirƙiro ba. Yana cikin Buhari da Muslim an wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe, aka ce ta Bayahude ce, ya ce shin ba rai ba ne? Ka haɗa da Suratul Mumtahana aya ta 8 kan kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba ba su kore mu daga gidajenmu ba. Tonawa korar mu suka yi ko fili suka ba kakanninmu suka kafa Zango?

In kuma wayewa kake zargi to Alhaji Umaru Karachi ba ɗan boko ba ne. A Kano aka haife shi, ya zauna Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete Krachi, garin Dente, ɗaya daga cikin manyan matsafan ƙasar nan a lokacin. Nan ya yi limanci ya karantar har ya rasu a 1934, almajiransa suka bazu zangon-zangon ƙasar nan, ƙila malamin da ya koya wa kakanka alif ta hannunsu ya biyo. Da allo da tawada ya yi aikinsa. Shehu Sharubutu kuma a Afrilun 2019, yana cika shekara 100, ya shiga cocin Katolika ta Christ the King a Ankara ranar Ista ya zauna ya gaishe su ya fito, an yi ta surutu, washegari dai ba a ji ya daina sallah ba.

Abu ɗaya zan roƙe ka, kalmar nan arna. Ka san ba suna ba ne, zagi ne, kuma yawancin waɗanda kake nufi ma Kirista ne masu zuwa coci. Su ma sun iya Hausa yanzu fiye da yadda kake zato, a kasuwa suke da mu.

Tambaya daga wani na'ibi a Nima, Ankara:

Malam duk shekara in lokacin Homowo ya gabato sai ace an hana kiɗa da hayaniya har wata guda, wai har lasifikar masallaci ta waje. Mu miye namu da bikin Ga?

Amsa:

Malam na'ibi ƙasarsu ce, ƙabilar Ga su ne masu garin Ankara, kuma kai ma ka san ba kiran sallah aka hana ba. Wajen watan Mayu zuwa Yuni ne, bayan sun yi shukar al'ada suna son gari ya yi tsit, Homowo kuma tunawa ce da yunwar da kakanninsu suka sha suka tsira, sunan ma yi wa yunwa ihu yake nufi. Abin ya fi ƙona coci-coci masu ganga da jita, a ƙarshen shekarun 1990 har gwabzawa aka yi ta yi da wasunsu ana kwashe musu kayan kiɗa. Mu namu da sauƙi. Ku shigo da lasifikar ciki, ladaninku ya tsaya a ƙofa ya gwada muryar da Allah Ya ba shi, Sayyidina Bilal ma ba shi da lasifika. In maƙogwaro ya kama shi a ba shi citta da zuma.